Gwajin DNA na gida da tambayar ciwon baifola: abin da na biya da abin da na samu

Na jinkirta rubuta wannan sharhi har wata huɗu bayan isowar sakamakon, domin ban so in yanke wa kamfanin hukunci da zafin ran makon farko ba. Abin da na saya shi ne gwajin karanta DNA ɗin mutum baki ɗaya, irin wanda ake yin odarsa ta intanet, a aiko da ƙaramar kwalba ta gidan waya, mutum ya tofa miyau a ciki ya mayar. Ina zaune a Ingila ne, kamfanin kuma na wata ƙasa ne, kuma ba zan ambaci sunansa ba, tun da kusan duk abin da zan faɗa ya shafi sauran masu sayar da irin wannan hidima. Na biya fam 340 na gwajin, da ƙarin kuɗin rajista na shekara guda wanda sai da shi ake buɗe wa mutum rahotannin lafiya.

Dalilin da ya kai ni ga sayen a cikin gidanmu yake. Wana, wanda nake bi wa, yana fama da lalurar hauhawa da faɗuwar yanayin zuciya, wadda likitoci ke kira baifola, kuma an tabbatar masa da ita shekara goma sha ɗaya da suka wuce a wani asibitin ƙwaƙwalwa a gida. Mun ga lokacin da ya yi kusan mako biyu ba ya barci, yana magana ba numfashi, yana rabar da jarin shagonsa ga duk wanda ya tsaya gaishe shi, mun kuma ga watannin da suka biyo baya yana kwance a ɗaki ba ya iya ɗaga kai ya amsa sallama. Marigayi baffanmu ma haka ya yi rayuwarsa, sai dai shi a zamaninsa an ce iska ce ke taɓa shi, kuma bai taɓa ganin likita a kan haka ba. Yanzu ina da yara biyu, kuma da na ga tallan kamfanin yana lissafa baifola cikin cututtukan da rahotonsa ke duba haɗarinsu, ban yi dogon nazari ba na tura kuɗi.

Ta fuskar aikin hannu, ban da ƙorafi mai yawa. Kwalbar ta iso cikin kwana shida da takardar bayani mai sauƙin bi, an nuna mini a shafinsu kowane mataki da samfurin ya taka, kuma sakamako ya fito a mako na tara, duk da cewa an yi alkawarin shida zuwa takwas. Sun karanta kowane wuri a cikin haruffan DNA kusan biliyan 3 sau talatin a matsakaici, suka kuma ba ni damar sauke ainihin fayil ɗin bayanan ba tare da ƙarin kuɗi ba. Wannan yana da muhimmanci ga batunmu, domin gwaje-gwajen da suka fi araha ba sa karanta DNA duka, wasu zaɓaɓɓun wurare kawai suke dubawa, kuma suna yawan kuskure a kan sauyin da ke da wuyar samu. Masu bincike a Jami'ar Eksita sun nuna a 2021 cewa a kan sauye-sauyen da ake samu a ƙasa da mutum ɗaya cikin 100,000, kashi 16 cikin 100 ne kawai na abin da irin waɗancan gwaje-gwaje suka ce sun gani ya tabbata da aka sake karantawa da kyau. Wanda ya zaɓi cikakken karatu ya kauce wa mafi yawan wannan matsala, kuma a nan kamfanin ya cika abin da ya faɗa.

Damuwata tana kan shafin baifola ne, wanda saboda shi na saya. An raba shi gida biyu. A sama akwai ma'auni mai launi da ke cewa haɗarina ya fi na mutum 81 cikin kowane 100, an shafa masa launin ja-ja. A ƙasa kuma akwai jerin ƙwayoyin gado da aka ce bincike ya danganta su da ciwon, kowace da alama a gabanta. Gaban AKAP11 an sa kore, ma'ana ba a ga komai ba. Gaban ANK3 an sa rawaya, da rubutu cewa an sami sauyi mai wuyar samu wanda ba a san ma'anarsa ba. Na kwana uku ina kallon wannan rawayar, ina kallon yarana, kafin na fara karanta binciken da shafin ke jingina da su, kuma abin da na gano shi ne babu launi ɗaya cikin ukun da yake nufin abin da mai saye zai ɗauka yana nufi.

Mu Hausawa mun saba da gwajin jini kafin aure saboda sikila, kuma da wannan tunanin ne yawancinmu za su buɗe irin wannan rahoto. A sikila ƙwayar gado ɗaya ce, harafi ɗaya ne ya sauya, kuma idan mai AS ya auri mai AS, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS. Lissafin a fili yake, shi ya sa gwajin ke da amfani. Baifola ma tana bin jini ƙwarai, domin binciken tagwaye da na iyalai ya kiyasta rabon gado a cikinta tsakanin kashi 60 da 85 cikin 100, amma ba ta bin hanya ɗaya. Ko a tagwayen da suka fito daga ƙwai ɗaya, masu DNA iri guda, idan ɗaya yana da ciwon, a lokuta da yawa ɗayan ba ya kamuwa har ƙarshen rayuwarsa. Mafi yawan abin da aka gano na gadonta sauye-sauye ne na gama-gari da kowa ke ɗauke da wasu daga ciki, kowanne yana ƙara haɗari da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Babban binciken haɗin gwiwa na 2021, wanda ya ƙunshi masu ciwon 41,917, ya gano wurare 64 a DNA, wanda aka buga a mujallar Nature a 2025 da masu ciwon sama da 158,000 kuma ya kai adadin 298. Ma'aunin nan mai launin ja-ja tara waɗannan ƙananan sauye-sauye yake yi, kuma a binciken 2021 jimillarsu ba ta bayyana ko kashi 5 cikin 100 na bambancin haɗari tsakanin mutane ba. Rahoton bai faɗi wannan a ko'ina ba.

Sauye-sauye masu wuyar samu su ne suka fi jan hankalina, kuma a nan ne nake ganin kamfanin ya fi yi wa mai saye rashin adalci, saboda ilimin da ke wurin yana da kyau ƙwarai kuma ya cancanci a bayyana shi yadda yake. Aikin da ya buɗe wannan fage shi ne BipEx, wanda Cibiyar Broad da ke Amurka ta jagoranta, aka buga shi a mujallar Nature Genetics a 2022. Sun karanta sassan DNA masu ƙera furotin na masu baifola 13,933 da na mutum 14,422 marasa ciwon, suna neman irin sauyin da ke katse ƙwayar gado ta kasa aiki. Sun ga cewa masu ciwon sun ɗan fi ɗauke da irin wannan sauyi a ƙwayoyin gadon da jiki ba ya jure lalacewarsu. Amma duk da wannan yawan jama'a, babu ƙwayar gado ko ɗaya da ta kai matakin tabbaci ita kaɗai. Sai da suka haɗa bayanansu da na masu ciwon sikizofireniya, wata lalurar ƙwaƙwalwa ta daban, su 24,248 daga wani aikin mai suna SCHEMA, sannan AKAP11 ta fito fili, da ƙarin haɗari kimanin ninki bakwai. A 2025 masu binciken kamfanin deCODE na ƙasar Aisilan suka sake tabbatar da ita, suka kuma ƙara wata mai suna HECTD2.

Abin da ya sa masana suka yi murna da AKAP11 shi ne furotin ɗin da take ƙerawa yana hulɗa da wani mai suna GSK3B, wanda aka daɗe ana zaton yana cikin wuraren da maganin litiyam ke aiki a kansu. Tun 1949, lokacin da likitan nan na Ostireliya John Cade ya ba da rahoton amfanin litiyam ga masu hauhawa, ake ba da maganin ba tare da cikakken sanin yadda yake aiki ba, kuma shi ne ya riƙe wana shekara tara yana zuwa shagonsa. Sauyi mai ƙarfi irin wannan yana ba masu bincike abin kamawa, su lalata ƙwayar a jikin ɓera ko a ƙwayoyin ƙwaƙwalwa da aka raina a ɗakin gwaji, su ga abin da ke rikicewa. Amfaninsa na neman sabon magani ne da fahimtar asalin ciwon, kuma ina fatan Allah Ya sa yaranmu su ci moriyarsa.

Amfaninsa ga mutum ɗaya mai tambayar makomarsa kuwa kaɗan ne, kuma lissafin ba shi da wuya. Masu ɗauke da lalatacciyar AKAP11 cikin waɗancan masu ciwo kusan 14,000 ba su kai ko kusa da ɗaya cikin ɗari ba. Ke nan kusan duk mai baifola a duniya, idan ya yi wannan gwaji, kore zai gani a gaban sunan ƙwayar, kamar yadda na gani, kuma ina kyautata zaton wana ma kore zai gani. Koren ba ya kore komai. Ta ɗaya ɓangaren kuma, idan ciwon yana samun mutum ɗaya ko biyu cikin ɗari, ninki bakwai yana kai haɗarin wajen bakwai zuwa goma sha huɗu cikin ɗari ne, wanda ke nufin mafi yawan masu ɗauke da sauyin ba za su taɓa yin ciwon ba. Kamfanin da ya san darajar mai saye zai rubuta waɗannan jimloli biyu a saman shafin da manyan baƙaƙe. Wannan ya sa launi ya bar mutum da fassararsa.

Rawayar da ke gaban ANK3 ta fi komai ɓata mini rai. Gaskiya ne cewa tun 2008 aka danganta wannan ƙwayar gado da baifola, tare da CACNA1C, amma ta hanyar sauye-sauye na gama-gari aka yi hakan, kuma wannan ba ya nufin duk wani baƙon harafi da aka gani a cikinta cuta ne. Kowane ɗan Adam yana da wurare miliyan huɗu zuwa biyar da DNA ɗinsa ya bambanta da wanda ake aunawa da shi, kuma bincike ya nuna cewa lafiyayyen mutum yana yawo da sauye-sauye kimanin ɗari masu kashe aikin ƙwayar gado ba tare da sun dame shi ba. Ana kuma kiran sauyi mai wuyar samu ne gwargwadon waɗanda aka riga aka gwada, kuma a nan ne asalina ya shigo. Mutanen Afirka sun fi kowa yawan bambancin DNA, amma su ne mafi ƙaranci a rumbunan bayanai. Mahalarta BipEx 'yan asalin Turai ne. A aikin 1000 Genomes, wanda ake yawan kwatance da shi, samfuran Najeriya na Yarbawan Ibadan ne da na Esan, babu na Hausawa. Lokacin da shirin H3Africa ya karanta DNA ɗin mutum 426 kacal daga ƙabilu 50 a 2020, ya ci karo da sababbin sauye-sauye sama da miliyan 3 da ba a taɓa rubuta su ba. Saboda haka abin da kwamfutar kamfanin ta ɗauka baƙo ne a jikina yana iya zama abin da dubban lafiyayyun mutane ke ɗauke da shi tsakanin Katsina da Maraɗi. Haka shi ma ma'aunin 81 ɗin, domin an nuna cewa irin waɗannan ma'aunai da aka gina da bayanan Turawa suna rasa mafi yawan ƙarfinsu idan aka ɗora su a kan ɗan Afirka. Ana ƙoƙarin cike giɓin, musamman ta aikin NeuroGAP da ya tattara samfuran dubban masu baifola da sikizofireniya a Habasha da Kenya da Yuganda da Afirka ta Kudu, sai dai wannan bai iso cikin rahoton da na saya ba.

Na rubuta wa sashen kula da masu saye ina tambaya da wace al'umma aka kwatanta ni. Amsa ta zo bayan kwana biyar, cikin ladabi, tana cewa rahoton na ilmantarwa ne kawai kuma ba a yi shi don gano cuta ba. Na sake tambaya, aka sake turo mini wannan jimlar. Idan haka ne, ya kamata tallan ya faɗi haka da irin girman rubutun da ya lissafa cututtukan.

Wannan fage yana da tarihin gaggawa da ya kamata ya sa masu sayarwa taka-tsantsan. A 1987 Janice Egeland da abokan aikinta suka ba da rahoton cewa sun gano wurin gadon ciwon a kuromosom na 11, ɗaya daga cikin ƙunshe-ƙunshen DNA, cikin wani babban dangi na al'ummar Amish a jihar Fensilfaniya, duniya ta ɗauka an gama, amma zuwa 1989, da aka faɗaɗa binciken kuma wasu 'yan dangin da ake ƙirgawa lafiyayyu suka kamu, hujjar ta rushe. Kusan shekara ashirin bayan haka wani kamfani a Kalifoniya mai suna Psynomics ya fara sayar da gwajin miyau na baifola a kan dala 399, bisa ƙwayar gado guda mai suna GRK3, kuma masana da dama suka soki hakan da cewa an yi riga malam masallaci. Ƙungiyar masana gadon cututtukan ƙwaƙwalwa ta duniya ta bayyana a matsayarta ta 2019 cewa ba a tabbatar da amfanin irin waɗannan ma'aunai a asibiti ba tukuna.

Akwai shafin magunguna da ya fi na baifola amfani, ko da yake shi ma da iyakarsa. Yana nuna yadda hantar mutum ke sarrafa wasu magungunan ciwon damuwa ta ƙwayoyin CYP2D6 da CYP2C19, yana kuma duba wani nau'in ƙwayar gado mai suna HLA-B*15:02, wanda hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kansa tun 2007 saboda mummunar salewar fata da maganin kabamazafin ke iya jawo wa masu ɗauke da shi, galibi 'yan kudu maso gabashin Asiya. Game da litiyam babu abin da zai iya faɗa, domin ƙoda ce ke fitar da shi, kuma har yau abin da ke kare mai shansa shi ne awon jini a kai a kai da duba ƙoda da ƙwayar maƙoshi. Ina roƙon duk mai shan magani kada ya rage ko ya daina saboda wani abu da ya karanta a irin wannan shafi sai ya zauna da likitansa.

Abu mafi daraja da na samu daga kamfanin shi ne wanda suka ɓoye a ƙasan shafi da ƙarin fam 75, wato ganawar rabin awa ta bidiyo da ƙwararriyar mai ba da shawara kan cututtukan gado. Ba ta fara da rahoton ba. Ta sa na zana mata danginmu hawa uku, tana tambaya wa ya taɓa kwanciya asibiti, wa ya yi doguwar damuwa, wa ke da alaƙar jini da matarsa, tun da na gaya mata akwai auren zumunci a gidanmu. Daga nan ta bayyana mini cewa ɗan'uwa na jini ga mai baifola haɗarinsa yana wajen biyar zuwa goma cikin ɗari, cewa ciwon ya fi farawa tsakanin ƙarshen shekarun samartaka da tsakiyar shekaru ashirin, waɗanda ni na wuce su, kuma cewa haɗarin yarana, da yake baffansu ne mai ciwon, ya yi ƙasa da wannan nesa. Ta ce rawayar ANK3 ba ta sauya wannan lissafi ko kaɗan, kuma ko da an ga wani abu mai nauyi, sai an sake tabbatar da shi a ɗakin gwajin asibiti kafin a gina wani hukunci a kansa. Sauran lokacin mun ƙarar da shi ne a kan abin da uba zai iya lura da shi idan yara sun tasa, kamar raguwar buƙatar barci na kwanaki ba tare da gajiya ba, da haɗarin wiwi da sauran kayan maye ga wanda ke da irin wannan tarihi a gida. Takardar da na zana da hannuna ta ba ni amsar da fam 340 ba su ba ni ba, kuma da kamfanin ya sa wannan ganawa a gaba, kafin a buɗe wa mutum launuka, da hukuncina a kansa ya bambanta.

Sai batun sirri, wanda ban ba shi muhimmancin da ya kamata ba kafin in saya. Lokacin rajista na tarar an riga an yi mini alamar amincewa a akwatin ba da bayanaina don bincike, sai da na cire da kaina. DNA ba na mutum ɗaya ba ne, domin yana tarayya a kusan rabinsa da kowane ɗaya daga cikin iyayensa da 'yan'uwansa da yaransa, kuma babu wanda ya nemi izininsu. Abin da ya sami kamfanin gwajin DNA na 23andMe, wanda aka kutsa cikin bayanan masu hulɗa da shi kusan miliyan 6.9 a 2023 kuma ya shiga kotun fatara a watan Maris na 2025, ya isa ya nuna cewa bayanan na iya daɗewa fiye da kamfanin da ya karɓe su. A wurinmu kuwa, inda ake binciken asali kafin a ba da aure kuma kalmar taɓin hankali ke iya hana 'yan matan gida guda miji, takarda mai launin ja-ja da ba ta da ma'anar kirki tana iya yin ɓarna mai yawa idan ta faɗa hannun wanda zai karanta ta kamar sakamakon sikila.

Hukuncina shi ne, ga mai son mallakar fayil ɗin DNA ɗinsa kuma ya san iyakar abin da zai iya karantawa a ciki, aikin ɗakin gwajin yana da kyau kuma farashin bai yi tsada ba. Ga wanda yake da mai baifola a gida kuma yake neman sanin makomar kansa ko ta yaransa, ba na ba da shawarar saye, musamman idan ɗan Afirka ne, kuma gara ya kai kuɗin wajen likitan ƙwaƙwalwa ko mai ba da shawara kan gado da cikakken tarihin danginsa a hannu. Ba zan sabunta rajistar shekara ba, na sauke fayil ɗina, na kuma nemi a lalata samfurin miyauna a goge bayanaina, abin da ya ɗauki kwana talatin da wasiƙa biyu kafin a tabbatar mini an yi.

Da na gaya wa wana duk abin da ya faru ta waya, ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya tambaye ni ko gwajin ya faɗi dalilin da ya sa ciwon ya same shi ya bar ni. Na ce, "Yaya, bai faɗa ba, kuma masu binciken ma ba su kai nan ba tukuna." Ya ce in turo masa hoton zanen dangin da na yi, yana so ya nuna wa likitansa ranar da zai je awon jini.